Inna Ta Ce Lahiya Lau

Duk wadda ta taɓa kirana mai girman kai, yau na sallama mata. Amma kafin ku yanke mini hukunci, 'yan uwa, ku bari in kai aya.

Sunana Yasira, shekarata ashirin da shida, ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a nan Wara. Ni kaɗai Allah Ya bar wa Innata. Babana ruwa ya ci shi ina aji uku na firamare, jirginsu ya kife a hanyar dawowa daga kasuwa. Tun daga ranar Inna Barira ta ɗaura zani a ƙirji ta tsaya gaban bandar kifi. Tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, babu wanda hannunta bai juya a kan wuta ba. Da hayaƙin nan ta kai ni har na yi babbar difloma. In kun ga ina tafiya kaina a sama, to kan ba nawa ba ne, nata ne nake ɗauke da shi.

Abin ya faro da kofi. Na ga ta ɗaga buta za ta zuba shayi, ta zuba rabinsa a tabarma. Ta ce hannunta ne ya yi rawa. Bayan kwana biyu ta yi karo da turmin da ya shekara ashirin a wuri ɗaya. Ran da ta ɗora tafin hannunta kan ƙarfen banda mai zafi tana laluben kifi, ban ƙara tambayarta ba, na nemi mota muka tafi Sakkwato.

Likitan ya daɗe yana haska idon. Da ya gama sai ya juyo gare ni, ba gare ta ba.

"Hawan jinin ido ne. Na dama ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Na hagu ya rage mata tsakiya kawai, kamar mai leƙe ta ramin kara. Wannan maganin ɗigawa zai riƙe shi, amma kada aiki ya wuce wata huɗu." Sai ya tambaya, "Akwai mai irinsa a danginku?"

Inna ta kau da kai. Ni kuwa na tuna kakata, wadda muke ja mata sanda har ta koma ga Allah, ana cewa hayaƙi ne.

"Akwai," na ce.

"To ke ma ki riƙa zuwa ana duba ki duk shekara. Yana bin jini."

A mota, tun kafin mu fita gari, Inna ta damƙe wuyan hannuna. Hannun nan duk kanta ne, kamar bawon itace.

"Wagga magana ta mutu nan cikin mota. Kin ji ni?"

Na san dalili. Dalilin sunansa Mainasara.

Mainasara yana da shagon kayan injin jirgin ruwa a Yelwa. Dogo ne, baƙi, ba ya son hayaniya, kullum akwai ɗan baƙin mai a gefen farcensa komai wankin da ya yi. Shekara biyu muna tare, an kawo kuɗi, an sa rana bayan babbar Sallah, saura wata shida. Ina son shi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma yana da uwa, Hajiya Bara'atu, wadda duk Yelwa an san ta da binciken aure. Ita ce ta wargaza baikon yayansa saura sati uku biki, don an ce kakan yarinyar ya taɓa faɗuwar farfaɗiya. Kakan fa, wanda yarinyar ko ganinsa ba ta taɓa yi ba.

Shi kuwa bai taɓa ganin idon Inna ba. In ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita tana can ƙuryar ɗaki tana amsawa ƙasa-ƙasa, kunyar suruki. Haka ciwon ya sami wurin ɓuya.

Da Kawu Mamuda, ƙanen Inna, ya ji labari, sai ya zo ya zauna kan kujerar roba ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa.

"A yi shiru a ɗaura aure. In kinka shiga ɗaki, mijinki shi ɗauki nauyi. Wata shida kamar gobe na."

"Kawu, likita wata huɗu ya ce."

"Likita shi na Allah?"

"A'a. Amma shi ya leƙa idon."

"Kin ji ko, Barira? Boko ke nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

Na haɗiye abin da ya zo mini baki. A raina na ce, Kawu, babbar da kake magana ko ƙofar ɗakinta ba ta hangowa.

Kuɗin aikin da na jeka-ka-dawo da magani ya fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. Roƙon Mainasara kuwa, ko da babu maganar ɓoyo, ba na jin bakina zai iya. Ban shiga gidansa ba tukuna in fara da miƙa hannu? Wata malama da muke aiki tare ce ta ce mini akwai kamfanonin inshorar lafiya masu tsari na musamman don iyaye, ka biya na shekara, su ɗauki nauyin asibiti. Ta turo mini takardun guda uku ta waya.

Kwana goma sha biyu na yi a kansu. Kullum in na dawo makaranta, in yi la'asar, in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, waya a hannun hagu, biro a dama, littafin rubutu na ja masa layi gida uku. Sunayen kamfanonin ba su da amfani a nan, ni da launin takardunsu nake kiran su: mai kore, mai shuɗi, mai ruwan goro.

Mai kore ya fi araha. A bangonsa akwai hoton wata tsohuwa tana dariya, haƙora reras kamar ba ta taɓa cin goro ba. Na ji daɗi har na buɗe jerin asibitocinsu. Legas, Legas, Abuja, Fatakwal, Legas. Na yi ta ja da yatsa har yatsan ya gaji, mafi kusa da mu yana Minna, shi ma ba ya aikin ido. Na ja masa layi.

Mai shuɗi yana da asibiti a Kontagora. A shafi na biyu an rubuta da manyan baƙaƙe cewa suna kula da ido. Wallahi saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Sai a shafi na goma sha ɗaya, can ƙasa, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, na ga abin da suke nufi da kula da ido: tabarau, sau ɗaya a shekara biyu. Aikin tiyata yana wani babi, kuma duk ciwon da mutum ya shigo da shi sai ya jira shekara guda. Na rubuta wa dillalin da ke tallata shi, ya amso nan take.

"Malama, kar ki wahalar da kanki. Wurin ciwon ki bar shi fayau. Bayan wata biyu ku je asibiti kamar yau ya fara."

Kwana biyu ina juya maganar nan, ba zan ɓoye muku ba. Har na fara cike fom ɗin. Sai na tambayi kaina: idon da ya riga ya mutu ɗaya, wane likita ne zai leƙa ya yarda ciwon wata biyu ne? In suka gane, sun soke, kuɗi ya tafi, kwanaki sun tafi. Na goge.

Mai ruwan goro shi ne mai tsada, ya ninka mai kore har da ɗoriya. Amma shi kaɗai ya ce yana karɓar tsohon ciwo, da sharaɗin a faɗe shi duka tun farko, ba ragi. Za a jira kwana casa'in daga ranar da suka amince, sannan su biya aiki. Kuma asibitin idon da muka je a Sakkwato yana cikin jerinsu. Na karanta shi sau huɗu ina neman tarkon, ban samu ba. Wata huɗu kwana ɗari da ashirin ne. Na riga na cinye goma sha biyu wajen zaɓe. Kowace safiya da ta waye, daga idon Inna ake yankar ta.

Na kwashi adashen da nake tarawa na gado da katifa da labulayen ɗakina na aure, na biya. Na rubuta komai a fom, na haɗa da takardar likita. Wurin lambar wayar mai inshora na sa ta Inna. A ƙasa an rubuta cewa za su kira ta su ji daga bakinta. Na gani, na karanta, ni da ba ƙaramin rubutun da ke wuce ni. Na ce zan gaya mata gobe. Goben ta yi na ce jibi. Gaskiyar ita ce na san in ta ji na taɓa kuɗin kayan ɗaki za ta tayar da ƙura, kuma ina so in zo mata da kati a hannu in ce, Inna ga shi, na gama komai ni kaɗai. Kun ga girman kan da nake faɗa muku.

Ranar Laraba ina tsakiyar darasi a aji biyu, alli a hannuna, waya ta yi ƙara a aljihun jaka. Da aka tashi tara na duba.

"Bayanin da mai inshorar ta bayar ta waya ya saɓa da abin da ke cikin fom. An dakatar da rajista."

Ban san lokacin da na fita bayan ajin ba, inda sabis ya fi kamawa. Na kira. Wata mata ta ɗauka, ta ce sunanta Grace, Hausarta irin ta Kaduna, a nutse.

"Ni ce na yi magana da Mama da safe," ta ce. "Ke kin rubuta tana da hawan jinin ido, ido ɗaya ya tafi. Ita kuma ta ce lafiyarta lau."

"Gaisuwa ce! Ai ko a gadon asibiti ka tambayi mutum, lafiya lau zai ce miki."

"Na sani, 'yar uwa, ni ma a Arewa aka haife ni. Shi ya sa na sake tambaya dalla-dalla. Na ce akwai ciwon ido? Ta rantse. Na ce a dangi fa, uwa ko uba? Ta sake rantsewa. Ta ce ita har yanzu da magariba take zura wa allura zare. Ta ce kakanninku kaf da idonsu suka shiga kabari." Sai ta ƙara da cewa, "Da za mu yi sallama ta ce in gaida Hajiya."

"Wace Hajiya?"

"Ni ma abin da na so in tambaye ki ke nan."

Hajiya ɗaya ce ta faɗo mini a rai.

Grace ta yi mini bayani. Muryar mai inshora ake naɗa, ita ce shaida, ba rubutun 'yarta ba. In ta ce ba ta da ciwo, ba za su iya sa ta a tsarin masu tsohon ciwo ba. Dokarsu ta yarda a sake kira sau ɗaya. In aka sake samun saɓani, za a rufe fayil, a maido mini da kuɗina, ba za a karɓi sabuwar buƙata ba sai bayan wata shida.

"Juma'a ƙarfe huɗu zan kira. Da bakinta za ta faɗa, ba ke ba. Don Allah ki shirya ta."

Na hau mashin ɗin haya, da na sauka ko canjin ban tsaya karɓa ba. Na tarar da Inna a bayan gida gaban banda, ta ɗaura tsohon zaninta mai ruwan ƙasa, kallabi ya zame baya, tana juya kifi da laluben da ta ƙware a kai har ba ka ganewa. Fuskarta fes, rabon da in gan ta haka tun kafin Sakkwato.

"Ɗiyata, zo ki ji! Yau na tsare miki mutunci."

"Inna..."

"Yayar yaron nan naki, wadda anka ce tana Abuja, ta bugo. Tana ta lanƙwasa harshe, wai ita kamhwani ta, wai ke kinka ba ta lambata. Sun ɗauka ban san dabara ba! Kamhwanin mi za shi tambayi ciwon uwata da ubana? Ina jin ta ce dangi na ce, to, Hajiya Bara'atu ta aiko. Na ko wanke ki tas. Ko tari ban yarda muna yi ba."

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ni kuwa na durƙushe a wurin, cikin toka, da atamfata ta zuwa aiki, na fashe da kuka irin wanda ban yi ba tun mutuwar Baba.

Da na iya magana na gaya mata komai. Inshora, kwana casa'in, adashe. Tana ji dariyar tana janyewa daga fuskarta kamar ruwan tafki da rani.

"Kuɗɗin gadonki kinka ba su?"

"Idonki ne, Inna."

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa. Juma'a za su sake kira. Abin da likita ya faɗa kawai za ki maimaita, shi ke nan."

"Su naɗe muryata ina hwaɗin makanta gadonmu ta?" Ta girgiza kai. "Abin da anka naɗe ya zama shaida. Yau yana Abuja, gobe yana Yelwa. Waya kunne gare ta."

"Ba su san Hajiya ba! Ba ruwansu da aurena!"

"Ke kinka sani. Ni ban sani ba." Ta juya ta ci gaba da juya kifinta. "Ido guda na, na ga duniya da shi ta ishe ni. Aurenki nika son in ji, ko ban gani ba."

Ku gaya mini, da me ake amsa wannan?

Ranar Alhamis ban je makaranta ba. Na bi ta da lallashi, na bi ta da lissafi, na ce ko bayan an ɗaura auren asirin zai fito, ta ce in ya fito a lokacin kina ciki. Na ce ina laifin ki ga jikokinki, ta ce hannu ma yana ganin jika. Na kawo mata misalin kakata da sandarta, ta ce uwarta ba ta taɓa kuka da ƙaddara ba. Kawu Mamuda ya zo da hantsi ya ƙara mata ƙarfi.

"Inshora ma ai kiran ciwo na. Mutum shina zaune lahiya shi biya kuɗɗin cuta?"

"Kawu, ba lafiya take zaune ba."

"Ke dai ki kama bakinki wata shida. Wanga yaro irinsa ba su da yawa. Kina da shekara ashirin da shida, ba sha shida ba."

Yana cikin magana wayata ta yi ƙara. Mainasara ne, ya turo hotunan leshi guda uku daga wani shago, ɗaya ruwan zuma, ɗaya fari mai duwatsu, ɗaya sararin samaniya.

"Ranki ya daɗe, na Inna ne na fitar biki. Ki nuna mata ta zaɓa da idonta, kar ki zaɓar mata, na san halinki."

Har da 'yar fuskar dariya a ƙarshe. Na kifa wayar a cinya. Na rubuta "To" na goge, na sake rubutawa na tura. Ya amso: "To kawai? Yau malama ba gyaran jimla?" 

Juma'a ta zo. Da aka sauko masallaci gari ya yi tsit, sai kukan injin wani jirgi can bakin ruwa. Inna ta yi wanka ta sa doguwar rigarta ruwan toka, ta zauna bakin gado tana jan carbi. Wayarta, 'yar ƙarama mai madannai da aka ɗaure bayanta da roba, tana kan matashi. Na ɗiga mata magani, na goge abin da ya gangaro.

"Inna, saura rabin awa."

"In ta kira in gaishe ta."

"Za ki faɗa?"

"Na hwaɗa miki tun shekaranjiya."

Na tsaya ina kallon ta. Idon hagun nan yana bin muryata yana nemana, sai ya same ni ya tsaya. Na lissafa abin da ke hannuna. Ba zan iya canza mata ra'ayi ba. Ba zan iya yin muryarta ba. Abu ɗaya take karewa, kuma abin nan nawa ne, ba nata ba.

Na ɗauki wayata na kira Mainasara, na buɗe sifika na ajiye tsakaninmu.

"Amarya," ya ce, ana jin ƙarar ƙarafa a bayansa. "An tuna da ni?"

Inna ta ɗago kai da sauri ta ja mayafi, kamar yana ganin ta.

"Mainasara, ka fita daga shago, magana zan yi."

Na ji takunsa, hayaniyar ta ragu. "Ina ji. Lafiya?"

"Ba lafiya ba. Inna tana da hawan jinin ido. Ido ɗaya ya mutu, ɗayan saura kaɗan. Kakata da makanta ta rasu. Likita ya ce yana bin jini, ni ma sai an riƙa duba ni duk shekara, 'ya'yan da zan haifa ma haka. Ban kira don ka biya komai ba, na riga na yi abin da zan yi. Na kira don ka sani, kuma ka gaya wa Hajiya yau, daga bakinka, kafin ta ji a wani wuri."

"Yasira!" Inna ta yi ƙara.

 Na duba wayar, ba ta katse ba.

"Tun yaushe kika sani?" Mainasara ya ce.

"Kwana goma sha tara."

"Kwana goma sha tara," ya maimaita a hankali. "Ina turo miki leshi." Ya ja numfashi. "Bari in kira ki."

Ƙit.

Inna ta miƙe. Tunda nake ba ta taɓa dukana ba, ko da ina ƙarama. Ta ɗaga hannu ta kawo mari da duk ƙarfinta, ni kuwa ban kauce ba, wallahi ban motsa ba. Hannun ya wuce ta gefen kunnena ya daki ƙyauren ƙofa. Ina tsaye a damanta ne.

Ta tsaya riƙe da hannun. Ba zafin ƙyauren ne ya tsayar da ita ba, mu biyun mun sani. Ta koma ta zauna a hankali kamar wadda aka zare wa laka.

"Kin kashe aurenki."

"Wataƙila."

"Shekara ashirin ina shan hayaƙi don in ga kin shiga ɗaki."

"To ki gani ɗin, Inna. Ko ɗakin wa ne, ko yaushe ne. Ki gani." Na durƙusa gabanta. "Yanzu babu sauran abin ɓoyewa. Yelwa ta riga ta ji."

 Carbin ya faɗi ƙasa, ban ɗauka ba, ita ma ba ta nema ba.

Ƙarfe huɗu da minti biyu 'yar wayar ta fara kuka a kan matashi. Ta yi ta yi har na ce za ta yanke. Na sa hannu zan ɗauka, Inna ta buge hannuna, wannan karon ta same shi. Ta lalubi madannin ta kai kunne. Na matso har kuncina yana taɓa nata.

"Mama, ina wuni? Grace ce daga kamfanin inshora. Ana naɗar wannan magana. Yaya jiki?"

"Lahiya l..." Ta tsaya.  Na rufe idona ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

"Mama? Kina ji na?"

"Ina jin ki, ɗiyata." Ta yi ajiyar zuciya. "Ba lahiya ba. Ina ciwo."

"Wane irin ciwo, Mama?"

"Ido. Na dama ya tahi, ya hi shekara, ban hwaɗa ma kowa ba. Na hagu kamar ta ramin kara nika leƙe."

Ya fi shekara. Ni ban sani ba sai a ranar.

"Akwai mai irinsa a dangi?"

"Uwata. Da ƙanwar uwata. Rannan ƙarya na yi miki, har da rantsuwa, Allah Shi gahwarta mini. Na ɗauka surukai na."

Na ji Grace ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta raini ba. "Ba komai, Mama. Ko uwata ce haka za ta yi." Aka ji tana danne-danne. "Bayani ya daidaita. An amince daga yau. Kwana casa'in, sannan ku je Sakkwato da katin da za mu turo. Kar a fasa ɗiga magani ko sau ɗaya."

Kwana casa'in a kan goma sha tara. Saura goma sha ɗaya tsakaninmu da wa'adin likita. Siriri ne kamar zaren komar masunta, amma akwai shi.

Inna ta ajiye wayar ta juya mini baya ta kwanta tana fuskantar bango. Na zauna a ƙasa na jingina da gadon.  Na buɗe wayata: Mainasara yana kan layi. Ya sauka. Ya dawo. Aka nuna yana rubutu, ya daina, ya sake farawa. Na ce a raina, Yasira, ke kika zaɓa, kar ki kuskura ki yi kuka. Na yi.

Biyar saura kwata saƙon ya shigo.

"Na gaya wa Hajiya. Mun taso, mun wuce mahaɗa. Ba ta ce mini komai ba tun da muka shiga mota, sai dai ta ce ba aike za ta yi ba, ita da Inna za su zauna."

"Mi ya ce?" Inna ta tambaya, ba ta juyo ba.

Na karanta mata. Ta daɗe a kwance. Sannan ta tashi zaune, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta shafa fuskarta da tafin hannu biyu.

"Tashi ki share tsakar gida. Ki ciro manyan tarwaɗan nan na saman banda." Ta nuna ƙasa da yatsa, kusa da ƙafarta. "Tabarmarta kuma nan za ki shimhiɗa, ta hannuna na hagu. In hwasawa ta zo yi, ina so in ga bakin da za shi hwaɗa."